Sakatariyar Mutanen Da Ban Taɓa Gani Ba

Tun ina ƙarama ni ce mai riƙe wa mutanen gidanmu lokaci. Idan aka sa ranar wani abu ba a rubutawa, ni ake faɗa wa, in ranar ta matso in bi kowa ina tuna masa. Umma takan ce da kalanda a ka aka haife ni. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Da na girma na samu aikin sakatariya a wani kamfani, na yi shekara tara ina buga wasiƙu, ina ɗaga waya, ina tsara wa shugabana wanda zai gani da wanda zai jira, amma ko sau ɗaya ban taɓa faɗin sunan aikina da ƙarfin murya ba. In aka tambaye ni sai in ce, "Ina aiki a ofis," in yi maza in sako wani zancen. A ganina na lokacin, sakatariya ita ce mai tsayuwa a bakin ƙofar da wasu ke shiga.

A ƙarshen 2019 wata safiya kofi ya suɓuce daga hannun Umma. Na ɗago na ga bakinta ya ɗan karkace, tana magana kamar mai gyangyaɗi. Muka ce gajiya ce, muka kwantar da ita ta huta. Sai da yamma ta yi, hannunta na dama ya ƙi ɗaguwa gaba ɗaya, sannan muka nufi asibiti. Likitan bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. A hankali ya bayyana mana cewa shanyewar ɓarin jiki ce, irin wadda gudan jini ke toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, kuma akwai allurar da ke narkar da gudan, amma sai an kawo mutum cikin kamar awa huɗu da rabi da fara ciwon. Mun wuce wannan nesa ba kusa ba. Ni da nake tuna wa babban mutum cewa saura minti goma taronsa, lokacin da ya fi kowane lokaci tsada a rayuwata ya zo ya wuce ina tsaye ina gyara wa Umma matashin kai. Har yau ban gama yafe wa kaina wannan yinin ba.

Aka sallamo mu da doguwar takarda: magani safe da dare, gashi, da juya ta a kan gado duk bayan awa biyu don kada fatarta ta yi gyambo. Aurena ya mutu shekara biyu kafin nan, ina tare da 'yata mai shekara biyar. Yayana yana nesa da nasa iyalin, ƙanwata tana makaranta. Babu wanda ya ce mini ke za ki zauna, amma kowa ya sani, ni ma na sani. Na cinye hutuna, na ƙara da hutun da babu albashi, daga nan aka kira ni daga ofis aka ce in zaɓa. Ban ga laifinsu ba, kujera ba ta zama babu kowa. A Janairun 2020 na buga takardar ajiye aikina da hannuna, a kan tsarin da na sha buga wa wasu tasu.

Sai ga korona. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya, aka shiga kulle, harkar Yaya ta tsaya cak. Abin da yake turowa ya fara raguwa, sannan ya fara jinkiri. Yakan kira ya ce, "Ki ƙara haƙuri, ƙanwata," ni kuma in ce, "Ba komai, Yaya, muna da sauran abin da za mu lallaɓa," alhali babu. Wanda bai taɓa sabawa da bayarwa ba sannan ya koma jiran a ba shi, ba zai gane irin cin ran da ke cikin wannan ba. Nakan juya Umma ƙarfe biyun dare, in koma in zauna a bakin gado ina lissafin kuɗin magani har lokacin juyi na gaba ya yi.

Wata yarinya da muka yi aiki tare, wadda ni na koya mata tsara fayil, ita ta kira ni ta kawo zancen. Ta ce, "Anti, aikin nan naki fa ana yinsa daga gida. Akwai masu ƙananan kasuwanci a ko'ina a duniya da ke ɗaukar sakatariya ta intanet." Dariya na yi. Na ce wane mai hankali ne zai damƙa wa wadda bai taɓa gani ba mabuɗin wasiƙunsa? Ta ce in saurara. Mutumin da ke tafiyar da harkarsa shi kaɗai ba ya buƙatar ma'aikaciya ta awa 40 a mako, ba shi da ofishin da zai ajiye ta, ba shi da ƙarfin albashin wata. Abin da yake buƙata awa biyar ne ko goma: a tace masa imel, a tsara masa kalanda, a yi masa bukin ɗin jirgi da masauki, a bi masa bashin waɗanda ba su biya ba, a shigar masa da bayanai a jadawali. Masu harkar suna ce wa mai wannan aikin VA, wato virtual assistant, mataimaki daga nesa. Da ta gama jero ayyukan sai na yi shiru, don babu ɗaya a ciki da ban yi shekara tara ina yi ba.

Ƙanwata ta bar mini tsohuwar kwamfutarta. Tsakanin juyi da juyi nake koyo, awa biyu biyu, kuma har yau a haka kaina yake yanka yini. Ba ni da kwastoman da zan gwada a kansa, sai na gwada a kan Umma. Na zuba lokutan maganinta a Google Calendar, na sa su riƙa maimaita kansu kullum. Na buɗe allo a Trello na jera abin da mai gashi ya ce a yi, da wanda aka yi, da wanda ya rage. Na koyi Calendly, na koyi Slack, na ɗan taɓa Canva, na gano cewa taron mutum uku a Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40. Manhajojin ba su ba ni wahala ba. Duk wanda ya ce maka wuyar sana'ar nan tana cikin manhaja, ko bai yi ta ba, ko kwas yake son sayar maka.

Na buɗe shafi a Upwork da Fiverr, dandali biyu na intanet da ke haɗa masu neman aiki da masu ba da shi. A Fiverr kai ke baje hajarka ka jira mai saye. A Upwork masu aiki ke sa talla, kai kuma ka aika takardar nema, kowace takarda tana cin wasu 'yan tikiti da suke kira Connects. A shafina na rubuta cewa na iya komai, na jero abu ya fi ashirin, sannan na sa farashin da ya fi na kowa ƙasa. Takarda ɗaya na rubuta, ita nake kwafa ina aika wa kowa. Wata uku babu wanda ya ce mini ci kanki.

Cikin wannan halin ne wani ya amsa. Ya yaba mini sosai, ya ce kamfaninsu na da aikin buga takardu mai yawa, amma mu koma wata manhajar hira don dandalin yana cin la'ada. Na san dokar dandalin ta hana haka, na karanta da idona. Amma mai jin ƙishirwa ba ya tambayar tsabtar rijiya. Ya turo hotunan shafuka na yi kwana bakwai ina bugawa, har da dare, Umma na barci ina gefenta da fitilar waya. Da na miƙa aikin sai ya ce kuɗina ya fito, har ya turo hoton shaidar biya, saura kawai in biya kuɗin rajista a sake mini shi. Na cire 'yan kunnena na zinare, abu ɗaya mai daraja da ya rage mini, na ba ƙanwata ta sayar. Na tura. Ya ce akwai kuma kuɗin tantancewa. A nan jikina ya yi sanyi. Na koma na duba shafukan da na kwana ina bugawa, na ga ashe tarkacen rubutu ne da babu wanda ke buƙata. Aikin ba shi ne hajar ba, ni ce hajar. An ba ni wahalar kwana bakwai ne don ya zama ba zan iya haƙura da ladan ba.

Ban faɗa wa Yaya ba sai bayan shekara. Umma ce kaɗai ta lura kunnena babu komai. Ta ɗaga hannunta na hagu ta taɓa shi, ta dube ni. Na ce, "Na ajiye su ne, Umma." Ba ta ce komai ba, kuma na san ba rashin iya magana ne ya hana ta ba.

Na rufe kwamfutar na yi mako biyu ban buɗe ba. Abin da ya dawo da ni ba ƙarfin zuciya ba ne, maganin hawan jinin Umma ne ya kusa ƙarewa. Na zauna na karanta shafina kamar ni ce mai neman ma'aikaciya, na ga ko ni ba zan ɗauki wannan matar ba. Mai cewa ya iya komai bai ce komai ba, kuma farashin da na karya ba ya cewa ina da sauƙi, cewa yake ni kaina ban yarda da aikina ba. Na goge duka na bar abu biyu, imel da kalanda. Na daina kwafe. Kowace talla sai na karanta ta sau biyu, in fara takardata da matsalar mai ita maimakon tarihina. Wani ya rubuta cewa saƙonnin da bai buɗe ba sun taru sun yi masa yawa har yana tsoron leƙa akwatin. Na rubuta masa layi biyar: ga yadda zan kasa su, ga abin da zan amsa da kaina, ga abin da zan ajiye masa ya gani da safe. Ya ɗauke ni. Ya zuba kuɗin a hannun dandalin kafin in fara, kamar yadda tsarin yake, aka sake mini bayan na gama. A lokacin Upwork na cire kashi 20 cikin ɗari daga dala 500 ta farko da ka samu a wurin kowane kwastoma, daga nan ya sauko zuwa kashi 10. Da na ga abin da aka cire ban ji zafi ba ko kaɗan. Na riga na san kuɗin gudun la'ada.

Kafin shekarar ta ƙare na samu wadda ta zama ginshiƙin sana'ata, wata mata a Landan mai ba ƙananan kamfanoni shawara. Ranar da za mu fara kiran bidiyo cikina ya ɗuri ruwa, ina tsoron yadda Turancina zai fita a kunnenta, ina tsoron kada 'yata ta faɗo ɗakin. Matar ba ta damu da ko ɗaya ba. Tambayarta ɗaya ce: in ta ba ni abu, za ta iya mantawa da shi? A hankali ta riƙa sakar mini igiya. Ta fara da kalanda. Bayan wata guda ta wakilta ni a Gmail ɗinta, tsarin da ke ba ni damar karantawa da aikawa da sunanta ba tare da na san kalmar sirrinta ba. Sauran shafukanta ta buɗe mini su ta manhajar ajiye kalmomin sirri. Na ga wasiƙun lauyanta, na ga na likitanta, na ga wanda ke binta bashi. A nan na fahimci cewa ba yatsuna take biya ba. Amana take saye, da kwanciyar hankalin da za ta kwanta barci ba ta tuna akwatin wasiƙunta ba.

Shi ya sa abin da ya faru a Maris ɗin 2021 ya kusa karya ni.

Wani babban kwastoma da ta yi watanni tana bibiya ya yarda su gana ta bidiyo. Yana Niyok. Mataimakinsa ya rubuto cewa ƙarfe 10 na safe agogonsu. Na san tazarar Niyok da Landan awa biyar ce, na haddace ta kamar sunana, don haka ban tsaya duba komai ba na rubuta mata ƙarfe 3 na rana. Abin da ban sani ba shi ne Amurka na tura agogonta gaba da awa ɗaya ranar Lahadi ta biyu a watan Maris, Ingila kuwa sai Lahadin ƙarshe. A shekarar, Amurka ta canza ranar 14, Ingila sai ranar 28. Cikin mako biyun da ke tsakani tazarar awa huɗu ce. Ganawar ta faɗo a tsakiyarsu. Ƙarfe 2 ya kamata ta shiga. Mutumin ya jira minti goma sha biyar ya tafi.

Ni na fara ganin saƙonsa, tunda ni ke buɗe akwatin. Gajere ne, mai sanyi. Na zauna hannuna na rawa, shaiɗan na jero mini hanyoyi. Zan iya cewa kalanda ce ta rikice. Zan iya cewa mataimakin ne bai fayyace ba. Ita ba za ta bincika ba, ai don kada ta riƙa bincike ta ɗauke ni. Kuma kuɗinta ne ke sayen maganin Umma. Na kai minti ashirin a zaune. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wancan yinin na kofi, yadda na ga alama na ba kaina uzuri na ce gajiya ce. Na ji ba zan iya sake rufe ido a kan abin da nake gani ba. Na rubuta mata cewa kuskuren nawa ne ni kaɗai, ga yadda ya faru, ga wasiƙar ban haƙuri da na tsara da za a aika wa mutumin in ta amince, ga lokuta uku da ta ke da sarari, kowanne na rubuta shi da agogon biranen biyu. Na ƙara da cewa in ta ga ba za ta ci gaba da ni ba, na fahimta.

Ba ta amsa ba sai washegari. Daren nan ban runtsa ba, ko da ma ba juyi. Da amsar ta zo layi biyu ce: in aika wasiƙar, kuma kada ya sake faruwa. Mutumin bai sake ba ta lokaci ba, cinikin ya tafi ke nan, kuma na san ya yi mata ciwo. Amma ba ta sallame ni ba. Bayan watanni, da za ta haɗa ni da wata ƙawarta mai neman mataimakiya, na ga abin da ta rubuta a kaina, tunda ta akwatin da nake buɗewa ya bi. Ba ta ce ba na kuskure ba. Cewa ta yi in na yi, daga bakina za a fara ji. Tun ranar ban sake lissafin agogo da ka ba. Nakan shigar da taro da agogon garin wanda ya kira shi, in bar kalanda ta juya. Haka kwanan wata: Ba'amurke in ya rubuta 03/04 yana nufin 4 ga Maris, Baturen Ingila kuwa 3 ga Afrilu yake nufi, don haka sunan watan nake rubutawa da haruffa ko da za a ce na cika tsanani.

Daga nan ƙofa ta buɗe, ni kuma na kasa rufe ta. Wanda ya taɓa rasawa ba ya iya cewa a'a. Kafin tsakiyar 2022 ina riƙe da mutum huɗu a nahiyoyi uku, wani na kwanciya wani na tashi. Dukansu da awa suke biyana, wasu ta manhajar ƙirga lokaci da ke ɗaukar hoton fuskar kwamfutata sau ɗaya a kowane minti goma. Sai na lura da wani abu mai ban haushi: duk yadda na ƙware, haka kuɗina ke raguwa, don aikin da nake yi a awa uku ya koma awa ɗaya. Ga lokacin da babu mai biya, na neman aiki, na rubuta takardar neman biya, na amsa "tambaya ɗaya kawai" da tsakar dare. Ga haraji, ga data, ga gyaran kwamfuta, duk a wuyana. Babu hutun rashin lafiya, babu fansho. A ofis ban taɓa lissafa waɗannan a cikin albashi ba sai da na rasa su.

Mutanen gida kuma ba su taɓa yarda aiki nake ba. Tunda ina gida, ai ina nan. A aiko ni, a kira ni hira, a ce, "Ke da kike zaune." A ɗaya gefen kwastomomi na ganin tunda ina gida, ai kullum ina kusa da kwamfuta. Kowane ɓangare ya ɗauka ɗayan ba ya nan. 'Yata ta koyi tsayawa a bakin ƙofa ba ta shigo ba, ta ɗaga yatsa tana tambaya da ido ko an gama. Na ɗauka tarbiyya ce. Yanzu in na tuna sai in ji kunya.

Wani dare ina cikin taro, abin saurare a kunnuwana biyu, ina rubuta abin da ake tattaunawa. Taron ya zarce lokacinsa. Na ga tunatarwar juyi ta fito a gefen allo na kawar da ita, na ce minti biyar. Ta sake fitowa na sake kawarwa. Sai na ji ana jan rigata. 'Yata ce, ta karya dokar ƙofa, tana cewa, "Mami, Kaka tana ƙasa." Umma ta gaji da kwanciya a gefe ɗaya, ta yi ta kira da muryar da ba ta fita sosai, da ba a zo ba ta yunƙura da kanta ta zamo daga gado. Allah ya tsare ba ta karye ba, goshinta ne ya kumbura. Na ɗaga ta ina kuka ina cewa, "Umma ki yafe mini." Ta daɗe tana haɗa kalmomin kafin su fito. Ta ce, "Je ki... aikinki." Ba da gatse ta faɗa ba, da gaske take, kuma wannan ne ya fi yanka ni. Na bar ofis don in zauna da ita, sai ga shi na kawo ofis huɗu na ajiye tsakanina da gadonta.

Cikin makon na sallami mutum biyu, na ba kowanne wa'adin mako biyu da bayanin miƙa aiki a rubuce. Biyun da suka rage na rubuta musu sabuwar yarjejeniya. Na daina biyan awa, na koma jinga ta wata: ga ayyukan da ke ciki, ga waɗanda ba sa ciki, a biya a farkon wata. Sabon kwastoma sai ya ba da kafin alƙalami. Na rubuta sa'o'in da ake samuna, na ce saƙon da ya shigo bayansu zai kwana. Na kuma ƙara farashi. Yatsana ya daɗe a kan madannin aikawa, don na tabbata guduwa za su yi. Ɗaya ya yi ƙorafi sannan ya sa hannu. Matar Landan ta ce ta daɗe tana mamakin me nake jira. Na toshe wasu gurabe a kalandata da sunan Umma, masu aiki da ni ba sa ganin abin da ke ciki, suna dai ganin ba ni da sarari. Na ɗauki mai taya ni jinya na wasu awanni da rana. Abin saurare kuwa, kunne ɗaya kawai nake sa wa tun daga ranar, har yanzu da babu mai kirana daga ɗaki.

A ƙarshen Nuwamban 2022 ChatGPT ya fito, manhajar nan mai rubutu da amsa tambaya kamar mutum, cikin 'yan watanni masu irin sana'ata suka shiga firgici. Firgicin ba na banza ba ne. Ayyukan da na fara cin abinci da su, mayar da sauti rubutu, tsara wasiƙar farko, taƙaita taro, yanzu na'ura na yinsu kafin ka ƙifta ido, kuma ni ma da ita nake yinsu. Wanda zai shigo yau da buga rubutu kaɗai zai sha wuyar da ta fi tawa. Amma na'ura ba ta san cewa wannan kwastoman in ya rubuta "ba damuwa" to akwai damuwa ba. Ba ta san wane taro za a iya ɗagawa da wanda ɗaga shi zai ɓata zumuncin shekara goma ba. In ta yi kuskure kuma babu wanda zai zauna minti ashirin hannunsa na rawa sannan ya ce laifina ne. Ina dai kiyaye abu ɗaya, ba na zuba sirrin kwastoma a cikinta sai da izininsa.

Umma ta rasu a 2023, da asuba, ina riƙe da hannunta na hagu. Na rubuta wa mutanena cewa ba za a same ni ba na kwana goma. Babu wanda ya tambayi aikinsa. Matar Landan, wadda har yau ban taɓa gani a zahiri ba, ta buɗe akwatin wasiƙunta da kanta a karon farko cikin shekara biyu da wani abu, ta rubuto mini daga baya cewa ba ta san haka nake fama ba.

Yanzu ina da kwastomomi uku, kuma yarinyar da ta fara kawo mini zancen tana karɓar wani ɓangare na aikin in ya yi mini yawa. Zan iya komawa ofis tunda abin da ya tsare ni a gida ya wuce, an ma yi mini tayi sau ɗaya, na yi godiya na ƙi. 'Yata ta daina tsayawa a bakin ƙofa. Da aka ce su rubuta sana'ar iyayensu a makaranta ta zo ta tambaye ni me za ta sa, na ce ta rubuta sakatariya, da babban baƙi.

Lokacin da na zuba maganin Umma a kalanda a 2020, wurin da ake tambayar ranar da maimaicin zai ƙare na zaɓi babu ƙarshe, don ban iya sa rana ba. Na goge na juyi, na goge na gashi. Na ƙarfe 8 na dare yana nan, minti talatin, kullum. Watan da ya wuce wani sabon kwastoma ya tambaya ko za a iya matsar da abin da ke wurin, don lokacin ya fi dacewa da agogonsu. Na ce masa wannan gurbin da mai shi, na ba shi 8 da rabi.